In Banki Ya Aiko Da Takarda, A Buɗe Ta

Ƴan uwa masu karatu, yau maganar bashi za mu yi. Ba bashin maƙwabci ba, ba na mai shago ba. Bashin banki, irin wanda ma'aikata da ƴan kasuwa ke kira dekuber.

Mi ne ne dekuber? Kana da asusu a banki. Kuɗɗin da ke ciki sun ƙare. Banki ya yarda ka ci gaba da ɗauka har wata iyaka, in albashi ya faɗo ko ka saida kaya sai ka maido. Malamin makaranta a Illela yana ɗauka kafin ƙarshen wata. Ma'aikacin siminti a Malbaza yana ɗauka gab da Salla. Ɗan kasuwar albasa a Galmi ko Tsarnawa yana ɗauka lokacin da zai cika rudu, don ya jira kuɗɗin albasa su tashi. Ɗaukar ba ta da wuya, shi ya sa mutum ke mance bashi ne.

Abin da banki ke ɗorawa bisa wanga bashi ana ce mashi ajiyo. Ku kula da kyau, ajiyo ba ajiya ba ce. Ajiya taka ce, ajiyo na banki ne. Ga misali don mu gane. A ce ka ɗauki jika 500, an yi da kai za a ɗora 12 cikin 100 a shekara. Wato jika 60 a shekara, jika 5 kowane wata. Ƙarami ne a ido. Amma akwai kuɗɗin riƙon asusu, akwai haraji, akwai ƙari in ka zarce iyakar da anka yanka maka. Kuma in ba ka biya ba, ajiyon yana hawa bisa uwar kuɗɗi, shi ma ya fara haihuwa. Bashi ba ya barci. Ranar Juma'a yana aiki, ranar Salla yana aiki.

Ba duk wanda ya kasa biya ne macuci ba. Mu nan ƙasar Ƙonni rabin cinikinmu yana bisa iyaka. Daga Ƙonni zuwa Illela ta Nijeriya ai taku ne. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. A watan Agusta na 2023 anka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. Cikin shekarar 2023 ɗin nan kuma naira ta faɗi ƙasa warwas. Wanda ya ɗauki sefa a banki, ya ba da kaya bashi da naira, ya san abin da ya gani. Albasa kuwa ba gero ba ce, ba ta jiran a buɗe hanya, ruɓewa take yi cikin buhu. Banki bai rufe iyaka ba, ɗan kasuwa bai rufe ba, amma bisa kan ɗan kasuwa lissafin ke faɗuwa.

To, ranar nan sai ga takarda. Nan ne ra'ayina yake. Mafi munin abin da mai bashi zai yi ma kansa shi ne ya ƙi buɗe ta. Wani ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Wani ya sauya lambar salula. Wani ya ce ma iyali in an zo a ce ya yi tahiya. Wani ma ya bar bin titin da banki yake, yana zagaye ta bayan tasha kamar ɓarawo. Duk wannan kunya ce, na sani. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ma'aikacin bankin da kake jin kunya, wataƙila nashi ya fi naka.

Abin da ya sa na ce a buɗe, takardun nan ba iri ɗaya ba ne. Kowace da nauyinta, kuma wasu suna da kwanakin da anka ƙidaya. In kwanakin sunka wuce, ƙofa ta rufe.

Ta farko tuni ce kawai, ko gargaɗi. Da Faransanci za ku ga an rubuta «mise en demeure» a samanta. Ku riƙe kamannin kalmomin nan. Banki ne ke cewa: biya kafin rana kaza, in ba haka ba mu tahi gaba. Wagga takarda ba hukunci ba ce. Ba ta ba kowa ikon taɓa ko tabarmarka ba. Amma lokacinta ne ya fi kowane daɗin sasantawa, don har yanzu ba a kashe kuɗɗin shari'a ba, kuma yawancin kuɗɗin shari'ar nan kai za a aza ma su daga baya.

Ka je da ƙafarka. Kafin ka yi maganar biya, ka nemi takardar lissafin asusunka, tun daga ranar da bashin ya fara. Haƙƙinka ne. Tun watan Oktoba na 2014 babban bankin ƙasashenmu, BCEAO, ya tilasta ma bankuna yin wasu ayyuka kyauta. Cikinsu akwai takardar lissafi ta kowane wata, da jimillar abin da anka cire maka a shekara, da rufe asusu. Ka zauna da wanda ya iya lissafi, ku raba abu uku: nawa ka ɗauka da hannunka, nawa ne ajiyo, nawa ne sauran cire-cire. Banki ma yana kuskure. Kuma doka ta yi ma ruwan bashi rufi. A farkon 2014 an tsaida cewa banki ba zai wuce 15 cikin 100 a shekara ba, ƙananan asusun ajiya da bashi kuma ba za su wuce 24 cikin 100 ba, duk da cire-ciren da ke tare da bashin. Hukuma ce ke sa wannan iyaka, ita ce kuma ke sake ta, saboda haka ka tambayi wadda ke aiki ranar da ka sa hannu.

Bayan nan ka faɗi abin da za ka iya. Abin da za ka iya, ba abin da zai faranta ma mai kujera rai ba. In jika 20 kake iyawa a wata, kada ka ce 50 don a sake ka ka tahi gida. Alkawarin da ya karye ya fi rashin alkawari muni. In manomi ne kai, ka ce a daidaita biyan da lokacin da kuɗɗi ke shigo maka, ba da watan Nasara ba. Ka roƙi a maida dekuber ɗin bashi mai wa'adi, wanda ka san farkonsa ka san ƙarshensa. Ba tilas ba ne banki ya yarda. Amma sau da yawa ya fi son kuɗɗi kaɗan-kaɗan da hannu bisa shari'ar da za ta ci shekara. Duk abin da kunka shirya, a rubuta, a sa hannu, a buga hatimi, ka riƙe naka. Maganar baki a ofishin banki iska ce. Wanda kunka yi da shi gobe ana iya maida shi Yamai ko Maraɗi.

In ba a shirya ba, magana ta koma gidan shari'a. Dokar da ke aiki nan ba ta Nijar kaɗai ba ce. A 1993 ƙasashen Afirka da dama sunka haɗu sunka kafa OHADA, don dokar ciniki ta zama ɗaya, kuma Nijar na ciki. Dokar karɓar bashi an yi ta a 1998, anka sabunta ta a watan Oktoba na 2023, sabuwar ta fara aiki a Fabrairu na 2024. Cikinta akwai wata gajerar hanya. Banki ya kai takardunsa gaban alƙali, ba tare da an kira ka ba, alƙali ya ba da umurnin biya. Sunanta «injonction de payer». Wisiye ne ke kawo maka ita, wato ma'aikacin shari'a mai kai sammaci da kama kaya.

Wagga ita ce takardar da ba a kwana da ita a aljihu. A tsohuwar doka kana da kwana 15 ka ce ba ka yarda ba. A sabuwa kwana 10 ne kacal. Har yanzu akwai masu ba da shawara a bakin kasuwa da ke cewa 15. Kada ku bi su. Kuma ba da baki ake ƙin yarda ba, da takarda ne, ta hannun wisiye. In ka yi haka cikin lokaci, alƙali zai kira ku ku biyu, ya fara neman sulhu, in bai samu ba ya saurari kowa. Nan ne za ka ce: lissafin nan ban yarda da shi ba, a nuna mani yadda anka samo shi. Babbar kotun OHADA da ke Abijan ta sha yanke cewa sai an rufe asusu an tsaida lissafi ake sanin ainihin abin da ake bin mutum. In kuwa ka yi shiru kwana 10 sunka cika, umurnin ya zama kamar hukunci. Ko da an yi maka ƙari cikin lissafi, ka riga ka haɗiye shi.

Akwai babban gidan shari'a a Ƙonni, akwai ƙarami a Illela. A 2011 an kafa hukumar ANAJJ don taimakon marasa hali wajen shari'a, tana da ofis a manyan gidajen shari'a. Tambaya kyauta ce. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Doka ta ba alƙali dama, in ya duba halin da mai bashi ke ciki da buƙatar mai bin bashi, ya ɗaga biyan ko ya rarraba shi, har tsawon shekara guda. Amma alƙali ba ya ba wanda bai zo ba.

Yanzu bari in juya wajen masu bin bashi, don su ma suna da igiya a ƙafa.

Ba kowa ne ke da ikon kama kaya ba. Ma'aikacin banki ba ya da shi. Yaron da anka ɗauka aikin karɓar bashi, mai yawo bisa babur da jaka a hammata, ba ya da shi. Wisiye ne kaɗai, shi ma sai da takarda mai ƙarfi a hannunsa: hukuncin alƙali, ko izinin alƙali, ko yarjejeniyar da anka yi gaban notar mai hatimin zartarwa. Wanda duk ya yi sallama ƙofar gidanka da sunan bashi, ka ba shi wurin zama, ka ba shi ruwa, sannan ka ce: malam, in ga takardarka. Ba rashin kunya ba ne.

Kafin a kama kayan mutum don a saida, sai an ba shi umurnin biya, an jira aƙalla kwana 8. Bayan an rubuta kayan, yana da wata guda ya nemi mai saye da kansa, kada a kai gwanjo a saida da araha. Ba a fara wanga aiki kafin ƙarfe 8 na safe, ko bayan ƙarfe 6 na marece, ko ranar Lahadi da ranar hutu, sai in alƙali ya ba da izini na musamman. Kayan da rayuwar iyali ta rataya a kai, da kayan sana'ar da mutum ke ci da ita, doka ta kare su. Albashi ma ba a kama shi duka, wani kaso ne, kuma sai an fara zama gaban alƙali an nemi sulhu. Sai dai ku lura, in albashinka cikin asusun nan mai rami yake faɗawa, ramin ne zai fara sha kafin ka gani. Gida ko fili kuwa ba a zuwa kansu sai kayan hannu sun kasa, in dai ba ka jinginar da su ba tun farko.

Wani zai ce maka: in ba ka biya ba gobe jandarma za su tahi da kai. Rashin iya biyan bashi shi kaɗai ba laifin kaso ba ne. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya da ta hana haka tun 1986. Amma kada ka maida bashi laifi da hannunka. In wisiye ya rubuta kayanka ya bar su wurinka, amana ce. Ka ɓoye su ko ka saida su a ɓoye, to nan shari'ar laifi ta shigo. Haka wanda ya ba da takardun ƙarya don ya samu bashi. Cek kuma, kada ka rubuta shi bisa asusun da ka san babu kome ciki.

Kuma kada ka miƙa ma kowa ko dala a bakin hanya ba tare da takardar shaidar biya ba, mai suna, mai kwanan wata, mai hatimi. Takardun nan ka tara su wuri ɗaya cikin leda, inda gara da ruwan sama ba su kai.

Akwai wata magana da ta shafe mu, mu ƴan yaƙi da jahilci, fiye da kowa. Maganar tsaya ma wani. Ƙanenka ko abokin cinikinka ya zo ya ce: yaya, sa hannu kawai za ka yi mani, shaida ce. Sau da yawa ba shaida ba ce, lamuni ne. Mai lamuni ya ɗauki alkawarin in wancan bai biya ba, shi zai biya. Dokar OHADA ta jingina, wadda anka sabunta a 2010, ta ce wanda bai iya rubutu ba, ba a karɓar lamuninsa sai da shaidu biyu, waɗanda za su tabbatar an bayyana mashi abin da ya shiga da abin da zai biyo baya. Wanda ya iya rubutu kuwa, da hannunsa zai rubuta iyakar kuɗɗin, da lamba da kuma harufa. Kun ga ke nan. Jiya da muke dangwala yatsa, doka na nema mana masu tsaro. Yau da munka iya riƙe alƙalami, mu ne masu tsaron kanmu. Daɗin iya sa hannu kada ya sa mu sa shi ko'ina. Kuma a doka, in ba a rubuta akasin haka ba, da zarar mai bashin ya kasa, banki na iya binka dukan kuɗɗin da ka lamunta, ba sai ya fara saida kayan wancan ba. Zumunci nawa ya mutu a nan?

Na san abin da wasu ke faɗi a majalisa: banki ai kuɗɗi gare shi, nawa ba zai rage shi da kome ba. Dattawa su ba ku labarin BDRN. Shi ne babban bankin raya ƙasa tun farkon samun mulkin kai. Bashin da ba a biya ba ya cinye shi, anka rufe shi a 1990, SONIBANK ta hau gurbinsa. CNCA, asusun bashin manoma, shi ma haka ya mutu a shekarun 1980, bayan fari da bashin da bai dawo ba. Da yawa cikin abin da ya kashe BDRN manya ne sunka ci, masu ƙafa a gwamnati da manyan ƴan kasuwa, ba mai garka ɗaya ba. Amma wa ya sha wuya? Talaka ne ya yi shekaru yana neman inda zai ranci kuɗɗin taki bai samu ba. Kuɗɗin da ke banki na mutane ne, har da na tsohuwar da ke jiran fansho. Yanzu kuma ga wani abu: tun 2016 an buɗe ofishin da ke tara labarin masu bashi a ƙasashen sefa. Ka gudu daga wanga banki, ka je wancan, mai yiwuwa sunanka ya riga ka isa.

Wasu kuma sai ranar biya suke tuna ajiyo riba ce. Maganar gaskiya ce a wurin malamai, amma lokacinta shi ne kafin a karɓa. Mai gudun riba ya nemi wata hanya tun farko. Akwai bankin Musulunci a ƙasar nan. Akwai adashi. Akwai jinginar amfanin gona a ma'aji ɗaya, wadda ƙungiyoyin manoma sunka fara a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Kuma mu tuna ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, bisa rubuta bashi take. Gabanta kaɗan, ta 280, tana maganar jinkirta ma wanda ke cikin ƙunci. Ɗaya tamu ce, ɗaya ta masu binmu.

Ni abin da ke ci mani rai shi ne harshe. Mutum ya sha rana ya koyi karatu da Hausa, ya je banki, a shimfiɗa mashi shafi huɗu na Faransanci da ƙananan baƙaƙe, a nuna mashi da yatsa: sa hannu nan, da nan. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. To, mi zai hana bankunan da ke Ƙonni da Malbaza da Illela su buga rabin shafi da Hausa? Abu huɗu kawai: ga abin da ka ɗauka, ga abin da za a ɗora, ga ranar biya, ga abin da zai faru in ka makara. Bankin da ya iya tallar kansa da Hausa a rediyo, ya iya faɗin sharaɗinsa da Hausa a takarda. Haka wisiye, in ya kawo umurnin biya ga wanda bai jin Faransanci, ya buɗe baki ya ce mashi kwana 10 gare ka. Wannan bai rage shi da kome ba.

Kafin su yi, mu mu fara. Mako mai zuwa, wanda ke da tsohuwar takardar lissafin banki ya zo da ita aji. A rufe suna da lambar asusu da ɗan ƙyalle. Malam ya zana ta bisa allo, mu koyi gane layin da ke nuna abin da ya shiga, da wanda ke nuna abin da ya fita, da ɗan ƙaramin layin nan na ƙasa inda ajiyo ke ɓuya.